ƘURAJEN BALAGA: MAGANIN DA YA DACE DA WANDA BAI DACE BA

 Darasinmu na yau ya shafi kowane gida da ke da saurayi ko budurwa. Za mu yi bayani a kan ƙurajen nan da ke fesowa a fuskar yara in sun fara balaga, da magungunan da likitoci suke bayarwa, da kuma waɗanda ya kamata a guje musu.

Daga birnin Tawa har zuwa Barmu, Kalfu, Kaita da Tabalak, babu garin da ba a ganin wannan abu. Wasu iyaye sukan ce: "Ai ƙuruciya ce, zai wuce." Gaskiya ne yakan wuce. Amma sau da yawa yakan bar tabo da ba ya gogewa. Kuma maganin da aka shafa ba bisa ƙa'ida ba shi ma yakan bar tabo mai muni. Saboda haka ku karanta wannan darasi a tsanake, ku kuma karanta wa ƴaƴanku.

MENE NE KE KAWO ƘURAJEN?

A fatar mutum akwai ƙananan ramuka inda gashi yake fitowa. A gindin kowane rami akwai wata ƴar jaka mai yin maiƙo. Wannan maiƙo yana da amfani, domin shi ne yake hana fata bushewa.

In yaro ko yarinya suka kai shekara 12 zuwa 14, jiki yakan fara fitar da sinadaran balaga. Su ne suke sa muryar yaro ta buɗe, gemu ya fara tsiro. Su ne kuma suke sa jakar maiƙo ta yi aiki fiye da da. Maiƙon ya haɗu da matacciyar fata, ya toshe bakin ramin. A cikin ramin da ya toshe akwai wasu ƙwayoyin cuta da ke zaune a fatar kowa. In sun sami maiƙo mai yawa sai su hayayyafa. Daga nan wurin ya kumbura, ya yi zafi, ya tara mugunya.

Kusan yara 8 cikin 10 sukan yi waɗannan ƙuraje a lokacin balaga. Sun fi fitowa a goshi, kumatu, haɓa, ƙirji da gadon baya. Ga yawancin mutane sukan ragu bayan shekara 20.

Ku lura da kyau: ƙurajen balaga ba ƙazanta ce take kawo su ba. Ba sammu ba ne, ba kambun baka ba ne, ba kuma alamar lalacewar tarbiyya ba ce. Ba a ɗaukar su daga wani. Kada a hana yaro cin abinci tare da ƴan'uwansa saboda su.

IRI UKU NE

Kafin a ba da magani, likita yakan duba ya ga irin ƙurajen.

Na farko, masu sauƙi. Ƙananan ɗigo ne, baƙaƙe ko farare, ba su cika ciwo ba. Baƙin da ke kansu ba datti ba ne, maiƙo ne da iska ta taɓa ya sauya launi.

Na biyu, matsakaita. Ƙuraje ne masu kumburi da ciwo, wasu da farin kai na mugunya.

Na uku, masu tsanani. Manyan ƙulluttai ne a can ƙarƙashin fata, masu zafi kamar maruru. Su ne suke barin rami a fuska, ko tabo mai tudu a ƙirji da baya. Wannan iri ba a jinkiri da shi.

MAGUNGUNAN SHAFAWA

Da maganin shafawa ake farawa. Kwalayen magani a ƙasarmu da Faransanci aka fi rubuta su. Don haka za mu kawo kowane suna yadda yake a kan kwali, domin ku iya gane shi da idonku.

1. Benzoyil. A kan kwali an rubuta: peroxyde de benzoyle. Yana kashe ƙwayoyin cuta, yana kuma buɗe ramukan da suka toshe. Yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Akwai mai ƙarfin kashi 2,5 cikin 100, akwai mai kashi 5, akwai mai kashi 10. A fara da mara ƙarfi. Mai kashi 10 bai cika fin sauran aiki ba, sai dai ya fi su busar da fata. Wannan magani yana cinye launin tufafi. A wanke hannu bayan an shafa, kada ya taɓa hijabi, rawani ko zanen gado mai launi. Zafi yana lalata shi, don haka a ajiye shi a inuwa, wuri mai sanyi, kamar kusa da randa.

2. Adafalen da tiretinoyin. A kan kwali: adapalène, trétinoïne. Su ne suka fi iya buɗe ramuka da hana sababbin ƙuraje fitowa. Suna kuma rage baƙin tabo sannu a hankali. Da dare kawai ake shafa su, domin suna sa fata ta kasa jure rana. Mace mai ciki, ko wadda take sa ran ɗaukar ciki, ba ta amfani da su ko kaɗan.

3. Asid azelayik. A kan kwali: acide azélaïque. Yana da kyau ga baƙar fata irin tamu, domin yana rage ƙuraje, yana kuma dusar da baƙin ɗigon da suke bari. Likita yana iya rubuta shi har ga mai ciki.

4. Maganin kashe ƙwayoyin cuta na shafawa. A kan kwali: érythromycine ko clindamycine. Ba a amfani da shi shi kaɗai. In aka daɗe ana shafa shi shi kaɗai, ƙwayoyin cuta sukan saba da shi, ya daina aiki. Likita yakan haɗa shi da benzoyil.

YADDA AKE SHAFAWA

A wanke fuska da ruwa mai tsabta da sabulu mai laushi. A bari ta bushe sarai. A matso magani kamar girman ƙwayar wake ɗaya, wannan ya isa fuska duka. A shafa shi siriri a dukkan wurin da ƙuraje suke fitowa, ba a kan ƙurji ɗaya ɗaya ba. A kauce wa ido, leɓe da kusurwar hanci.

A mako biyu na farko a shafa dare ɗaya, a tsallake dare ɗaya. In fata ta saba, sai a riƙa shafawa kowane dare. Ɗan bushewa da ɗan saɓa ba abin tsoro ba ne, musamman a lokacin hunturu. Amma in fuska ta kumbura, ko fatar ido ta tashi, ko ƙaiƙayi ya yi tsanani, a daina nan take, a koma wurin likita.

Ga abin da ya fi muhimmanci: waɗannan magunguna ba sa aiki a kwana uku. Sai an yi mako 6 zuwa 8 kafin a fara ganin sauƙi. Sai an yi wata 3 kafin a ce magani ya yi ko bai yi ba. A makonnin farko ƙurajen suna iya ma ɗan ƙaruwa. A nan ne yara da yawa suke karaya, su jefar da magani. Aikin uwa da uba ne su ƙarfafa musu gwiwa. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

MAGUNGUNAN SHA

In ƙurajen suna da yawa, ko sun bazu har ƙirji da baya, likita yana iya ƙarawa da ƙwaya ta sha. Wadda aka fi bayarwa ita ce doksisiklin. A kan kwali: doxycycline. Galibi ƙwaya ɗaya ake sha a yini, har kimanin wata 3, tare da ci gaba da maganin shafawa. Ga dokokinta:

A sha ta da cikakken kofin ruwa, bayan an ci abinci. Kada a kwanta sai an yi aƙalla rabin awa, domin tana iya tsayawa a maƙogwaro ta yi gyambo. A watan azumi a sha ta bayan buɗa baki, ba dab da kwanciya ba.

Kada a sha ta tare da nono, fura da nono, cuku, ko ƙwayar ƙarin jini. Suna rage mata ƙarfi. A bar awa 2 tsakaninsu.

Tana sa rana ta ƙona fata. A ƙasar Adar zafin bazara yakan wuce digiri 40. Yaron da ke zuwa gona, kiwo ko garka ya sa malfa, ya rufe jikinsa.

Ba a ba mai ciki, ba a ba mai shayarwa, ba a ba yaron da bai kai shekara 8 ba. Tana ɓata haƙoran yaro.

In mai shan ta ya ji ciwon kai mai tsanani, ko ganinsa ya dushe, ya daina ya je likita a ranar.

Ga wasu ƴan mata, ƙurajen sukan ƙaru duk lokacin da al'ada ta kusa. Akwai ƙwayoyin da ke daidaita sinadaran jikin mace, irin waɗanda ake bayarwa don tazarar haihuwa. Wasu daga cikinsu suna rage ƙuraje. Ba kowace mace suke karɓa ba. Likita ko ungozoma ta asibiti su ne za su auna hawan jini, su yi tambayoyi, sannan su yanke shawara.

MAGANI MAFI ƘARFI

Akwai wata ƙwaya mai suna izotiretinoyin. A kan kwali: isotrétinoïne. An fara sayar da ita a Amurka a shekarar 1982. Ita ce take maganin manyan ƙulluttai da suka gagari sauran magunguna. Tana busar da jakar maiƙo, kuma mutane da yawa sukan rabu da ƙurajen bayan wata 5 ko 6 suna sha.

Amma tana da haɗari babba. In mace ta ɗauki ciki tana shan ta, cikin yana iya zubewa, ko a haifi jariri da naƙasa a kai, zuciya ko kunne. Don haka ana gwada mace kafin a fara, ana gwada ta kowane wata, kuma dole ta kiyaye ɗaukar ciki har wata ɗaya bayan ta gama. Ana kuma gwajin jini don a duba hanta. Tana busar da leɓe da hanci ƙwarai. Ba a haɗa ta da doksisiklin. In mai shan ta ya shiga baƙin ciki mai yawa, a gaya wa likita.

Likitan fata kaɗai ne yake rubuta wannan ƙwaya. Ba a karɓar ta daga ƙawa, ba a aika wa ɗan ci-rani ya sayo ta.

A ƙasarmu ƴan mata da yawa sukan yi aure kafin su cika shekara 18. Saboda haka, ya ku iyaye mata, in kun kai ƴarku likita, ku faɗi gaskiya: tana da aure, ko an sa ranar bikinta, ko tana shayarwa. Wannan magana ɗaya tana iya ceton jikanku.

GARIN NEMAN GIRA

Yanzu mun zo kan abin da ya fi yi wa yaranmu ɓarna. A kasuwa, a teburin mai kayan shafa, da cikin jakar masu dawowa daga ci-rani, akwai ƙananan bututun mai da ake cewa suna "goge fuska". Da yawa daga cikinsu suna ɗauke da wani sinadari mai ƙarfi da ake kira kortizon. Ku duba kwali. In kun ga ɗaya daga cikin waɗannan sunaye, to kortizon ne: clobétasol, bétaméthasone, dexaméthasone.

Kortizon magani ne na gaske, likitoci suna ba da shi don wasu cututtukan fata, na ƴan kwanaki. Amma ba maganin ƙurajen balaga ba ne. Shi kansa yana haddasa ƙuraje.

Ga yadda yake yaudarar mutane. Mu ɗauki misalin ƴan mata biyu, ƙawaye, masu shekara 15, dukansu da ƙuraje a goshi da kumatu. Ta farko uwarta ta kai ta likita, aka rubuta mata benzoyil. Ta biyu ta sayi man goge fuska ran kasuwa.

Bayan mako ɗaya, fuskar ta farko ta ɗan bushe, ƙurajen suna nan. Fuskar ta biyu kuwa ta yi sumul, ta yi haske, kowa yana yabawa. Bayan wata biyu, ƙurajen ta farko sun ragu da yawa. Ita kuwa ta biyu sababbin ƙuraje sun feso mata, ƙanana masu yawa, duk girmansu ɗaya. Ta daina shafawa, sai fuska ta yi zafi, ta yi ƙaiƙayi. Ta koma ta sayi wani bututu. Bayan shekara ɗaya, fatarta ta yi siriri, jijiyoyi sun bayyana, gashi ya fito mata a kumatu, kyasbi da makero sun same ta, in ta ji rauni ba ya saurin warkewa. Garin neman gira ta rasa ido.

Wanda ya daɗe yana shafa kortizon a jiki mai faɗi, sinadarin yakan shiga jini. Yana iya kawo nankarwa, hawan jini da ciwon sukari. Haka kuma ƙwayoyin sa ƙiba da wasu ƴan mata suke sha kafin aure: da yawansu kortizon ne, kuma suna feso da ƙuraje a fuska, ƙirji da baya.

Wasu mayukan sauya launin fata suna ɗauke da wani sinadari da aka rubuta hydroquinone. In aka daɗe ana shafa shi, yakan bar baƙin tabo a kumatu da wuya, mai wuyar magani. Wasu kuma suna da guba mai suna mercure, wadda take lalata ƙoda. Saboda irin wannan ɓarna ne ƙasar Kodibuwa ta hana sayar da mayukan sauya launin fata a shekarar 2015, ƙasar Ruwanda kuma ta shiga kwashe su daga kasuwanni a 2018.

In ƴarku ta riga ta daɗe tana shafa irin wannan mai, ko tana shan ƙwayar ƙiba, kada ku yi mata faɗa, kada kuma ta yanke rana ɗaya. Ku kai ta likita tare da kwalin, shi zai nuna mata yadda za ta rage sannu a hankali.

INA ZA A JE?

A fara da gidan likita mafi kusa, wato CSI. Majo zai duba, ya tabbatar ƙurajen balaga ne, ba ƙurajen zafi ba, ba ƙazwa ba, ba ƙarambau ba. In abin ya fi ƙarfinsa zai tura ku asibitin gunduma, ko babban asibitin jiha da ke Tawa. Masu tsanani ƙwarai ana tura su wurin likitocin fata a Yamai.

A sayi magani a farmasi, da takardar likita. Kada a saya a hannun mai talla da ke yawo da magani cikin rana. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a ƙasashe masu tasowa, kusan magani 1 cikin 10 jabu ne ko mara inganci. Ku duba ranar lalacewa a kan kwali. In kuɗi bai isa ba, ku gaya wa likita ya rubuta mafi sauƙin kuɗi. Magani ɗaya na gaske da aka yi wata 3 ana shafawa ya fi bututu goma na kasuwa. Araha ba ta ado.

A gaggauta zuwa likita in an ga ɗaya daga cikin waɗannan:
- manyan ƙulluttai masu ciwo, ko tabo ya fara fitowa;
- ƙurji kusa da hanci ko leɓen sama ya kumbura fuska, tare da zazzaɓi;
- yarinya tana da ƙuraje tare da gashi a haɓa da rikicewar al'ada;
- ƙuraje sun fito wa yaron da bai kai shekara 8 ba;
- yaro ya daina fita, ya ƙi zuwa makaranta saboda kunya.

ABIN DA ZA A YI A GIDA

A wanke fuska sau biyu a yini, safe da dare, da tafin hannu. Kada a dirje ta da soso ko dutsen wanka. Dirza tana ƙara kumburi.

Kada a matse ƙurji da farce, kada a huda shi da ƙaya, allura ko reza. Matsa tana tura mugunya ciki, kuma tana barin baƙin ɗigo.

Kada a shafa toka, ruwan lemun tsami, man goge haƙori, tafarnuwa ko garin sabulun wanki. Suna ƙona fata.

Man kitso da man gashi kada su sauko goshi. A riƙa wanke ɗankwali, hijabi, hula da rawani, domin zufa da goga suna tayar da ƙuraje a inda suke taɓawa.

Ba sai an hana yaro tuwo, wake ko gyaɗa ba. Abin da bincike ya nuna shi ne yawan sukari da kayan zaƙi suna iya ƙara ƙurajen ga wasu. A rage lemun kwalba, alewa da shayi mai sukari da yawa.

Sannan a kiyaye harshe. Saurayi ko budurwa da ke fama da wannan abu sun riga sun gani a madubi, ba sa bukatar a tuna musu. Zolayar gida ita ce take tura yarinya teburin mai kayan shafa a ɓoye. Uba ya ce: "Ɗana, wannan abu yana da magani, gobe mu je likita." Uwa ta ce: "Ƴata, kawo man nan mu karanta abin da aka rubuta a kansa." Wannan ya fi faɗa amfani.

TAMBAYOYI

Ku tattauna waɗannan tambayoyi tare da abokan karatunku, sannan ku rubuta amsa:

1. Mene ne yake toshe ramukan fata a lokacin balaga?
2. Mako nawa ake yi ana shafa magani kafin a fara ganin sauƙi?
3. Waɗanne magunguna ne mai ciki ba ta amfani da su?
4. Rubuta sunaye biyu da in ka gan su a kan kwali za ka san kortizon ne.
5. Me ya sa ba a shan doksisiklin tare da fura da nono?

Aikin gida: ku tattara duk mayukan shafawa da ke ɗakinku. Ku karanta sunayen da ke jikinsu harafi bayan harafi, ku gwada su da sunayen da ke cikin wannan darasi. Wanda kuka yi shakka a kansa, ku kai wa majo ya duba.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu lafiya da damina mai albarka. Sai mun sadu a fitowa ta gaba.